Turakun da Suka Hana Mu Wuta

Duk wanda ya shigo garinmu ta hanyar Rano, abin da zai fara gani turakun wuta ne, dogaye na siminti, sun jeru tun daga bakin titi har ƙofar gidan mai gari. Baƙo yakan ɗaga kai ya ce, "Ashe kuna da wuta." Mu kuma sai mu yi masa sannu da zuwa, mu kawo masa ruwa. Waya tana nan a wasu wuraren, a wasu kuma ɓarayi sun rage wa turakun nauyi. Taransifoma tana zaune a kejinta bayan masallacin Juma'a, kurciya tana sheƙa a kanta. Rabon da mu ji ƙuginta tun 'yata ta fari tana rarrafe, ga shi yanzu ta gama sakandare.

Mahaifina ne ya kawo turakun nan. Ba shi da sarauta, bai yi boko ba, manomi ne kawai mai taurin kai. Shekara da shekaru yana hawa keke zuwa Rano, yana zama a barandar sakatariya, har ma'aikata suka gane tarinsa tun bai shigo ba. Da aka ce sai gari ya kawo nasa kason, shi ya fara sayar da sa ɗaya daga cikin shanun nomansa, sannan sauran mutane suka bi. Ranar da ƙwan lantarki ya kama a masallaci, mata sun yi ta guɗa daga cikin gidaje. Wutar ta yi damina biyu ko uku tana leƙowa tana komawa, sannan wata rana da la'asar taransifoma ta yi ƙara, ta yi hayaƙi, shi ke nan. Amma sunan ya zauna. Har a kasuwar Kibiya, in ana kwatancen Baba, cewa ake yi dattijon nan da ya kai wa garinsu wuta. Ba wanda yake ƙarawa da cewa wutar ta tafi.

Ni ne ɗansa na fari, shi ya sa ba ya kiran sunana, Malam yake ce mini. Malamin firamare ne ni, kuma duk wata takarda ta gari a hannuna take faɗowa, daga wasiƙar neman rijiya har sanarwar ɓatan akuya. Mu huɗu ne maza. Biyu sun daɗe a birni, sai Sallah muke ganinsu. Ni ina nan, amma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, hannuna ya fi sabawa da alli a kan fartanya. Autanmu shi ne yake riƙe da gandu. Shi yake kama garma, shi ya san wace gona ce take son gyaɗa bana, wace ce ta gaji. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya uku, kuma mai walda ne. Yana da rumfa a bakin titi inda yake gyara garmar shanu da amalanke da ƙofofi, har daga Saji ake kawo masa aiki.

Da janareta yake walda. Da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, sai aikin ya zama wahalar banza: in ya faɗi kuɗin gaskiya mai garma ya ɗauke kayarsa, in ya rage kuma injin ya cinye ladan. Wata rana da hantsi muna zaune a zaure, Baba yana ɓarar gyaɗar iri, Auta ya durƙusa ya ce, "Baba, in abin nan ya ci gaba a haka, zan bi su Yaya birni." Baba bai ɗago ba, amma na ga yatsunsa sun tsaya a kan kwanso ɗaya sun daɗe. Duk gidan mun san abin da maganar take nufi. In Auta ya tafi gandu ya watse, kuma tsohon da ya haifi maza huɗu zai ƙare da ɗan ƙwadago a gonarsa.

Ana cikin haka kansilanmu ya zo da labari. Wai akwai wani kamfanin sola, da hannun gwamnati a cikin aikin, zai zagaya ƙauyuka ya zaɓi inda za a kafa wa gari guda tashar wutarsa. Farantai a fili, batura a ɗaki, waya ta shiga gida-gida, kowa da mitarsa. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba fetur, kuma da rana har injin niƙa da na walda tana ɗauka. Na kalli Auta na ga yana murmushi shi kaɗai. A ranar ya ce wa Baba ya fasa maganar birni sai an ga abin da Allah zai yi.

Aka yi taro a ƙofar gidan mai gari a kan yadda za a tarbi masu zuwa dubawa. Liman ya ce ita hukuma wanda ya taimaki kansa take taimaka wa. Wani ya ce duk mai kawo wuta turaku zai fara nema, mu kuwa muna da su, mun rage musu rabin aiki, don haka mu ne a gaba. Sai ni, mai ilimin gari, na miƙe na zuba tawa hikimar. Na ce in suka zo suka tarar da turakunmu a karkace cikin ciyawa, za su ce an ba mu mun wulaƙanta, ba za su sake ba mu komai ba. Kowa ya gyaɗa kai, har wani ya ce boko ta yi rana. Ina faɗin wannan ne don kada a ɗora wa Baba laifin shi kaɗai.

Aka kira gayya. Kwana uku muna aiki kamar za a naɗa sarki. Aka sare ciyawa, aka miƙar da turakun da suka sunkuya, aka cusa musu duwatsu a gindi. Aka shafa musu farar ƙasa zuwa ƙugu, irin yadda ake yi wa itatuwan bakin titi in babban baƙo zai wuce. Inda waya ta sauko aka ɗaga ta da gora aka ɗaure. Auta ya zuba ɗan fetur ɗin da ya rage masa a inji, ya liƙe kejin taransifoma, ya yi masa fenti kore. Mata suka yi ta aiko da kunu da ɗanwake. Baba yana tafe da sandarsa daga wannan turke zuwa wancan yana ba da umarni, ya koma kamar ɗan shekara arba'in. Na daɗe ban ga farin ciki a fuskarsa irin na kwanakin nan ba, ni ma kuma na ji daɗi.

Masu dubawa suka iso da hantsi a farar mota. Shugabarsu injiniya ce, mace, ba ta kai ni shekaru ba, Hausarta ta cikin birnin Kano, tare da wani mutum da yake ta ɗaukar hoto da waya. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo fura da nono mai kyau daga rugar da ke bayan gari. Ta sha, ta yi godiya, ta buɗe takardunta. Mai gari ya nuna Baba ya ce, maganar wuta a garin nan ga mai ita.

Ta ce, "Baba, garin nan kuna da wutar gwamnati?"

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce amsar ai mai sauƙi ce. A wurinmu ba haka ba ne. Baƙon da ya sha ruwanka ba a shimfiɗa masa talauci a gabansa. Mutum zai kwana da yunwa, in ka tambaye shi gida ya ce lafiya lau, kuma ba ƙarya yake ganin ya yi ba, rufin asiri ne. Balle Baba, ga gari duk a tsaye a bayansa, ga turakunsa farare tas a rana. Ya gyara zama ya ce, "Muna da ita, 'yata. Mu ne na farko a duk yankin nan."

"Tana zuwa kuwa?"

"To, ta ɗan kwana biyu ba ta leƙo ba. Amma tamu ce, ga ta nan kina gani."

Ita ma Bahaushiya ce, ta san tsawon kwana biyun dattijo. Ta juyo ta dube ni, don an ce mata ni ne malamin gari, ta ce, "Malam, haka ne?" Na ce haka ne, ranki ya daɗe, har na ƙara da cewa muna kula da kayanmu sosai. Na hango Auta a baya ya buɗe baki ya rufe, don ba a gyara wa uba magana a cikin taro. Ta bi turakun da kallo, irin kallon da na ɗauka na sha'awa ne, sannan ta yi rubutu. Mai hoto ya ɗauki taransifoma ta gaba da ta baya. Da suka tafi muka yi ta yi wa juna barka.

Akwai wani ƙauye a hayin rafi, a ƙasar Kibiya, tafiyar da ba ta kai a gaji ba. Abokan wasanmu ne tun kaka da kakanni. Turke ko ɗaya ba a taɓa kafawa a garinsu ba, shi ya sa muke kiransu 'yan aci-balbal, su kuma suna ce mana masu shanyar waya. Su ba su yi gayya ba, ba su shafa wa komai farar ƙasa ba. An ce da aka tambayi mai garinsu, cewa ya yi ba su da komai sai rana da haƙuri.

Bayan kaka, rafi ya ƙafe, sai ga manyan motoci ɗauke da farantan sola sun shigo garinmu. Yara da manya aka fito ana murna. Motocin suka bi ta ƙarƙashin turakunmu ɗaya bayan ɗaya, suka wuce gidan mai gari, suka wuce masallaci, suka gangara rafi suka haye. Muka tsaya cirko-cirko. Wani ya ce ɓatan hanya suka yi, za su dawo. Sun dawo kam, amma babu kaya a bayansu. Kafin zafi ya shigo sosai, 'yan aci-balbal suna sayar mana da ƙanƙara a kasuwa, suna tambayarmu ko shanyar ta bushe.

Gari ya ce in je in binciko, tunda ni na iya Turanci. Na fara da sakatariya a Rano. Suka ce ba ruwansu, su ma ganin motocin suka yi kamar kowa. Na hau mota zuwa Kano, na nemo ofishin kamfanin, Allah ya taimake ni na sami injiniyar nan. Ta gane ni, ta sa aka kawo mini ruwa, ta zauna ta yi mini bayani a tsanake. Ta ce doka ta raba ƙauyuka gida biyu. Akwai wanda waya ba ta taɓa zuwa ba, wannan kamfanin sola zai iya neman izini ya shiga ya yi aikinsa. Akwai kuma wanda waya ta riga ta je, wannan yankin kamfanin raba wuta ne, ko wutar tana zuwa ko ba ta zuwa. A irinsa ba a kafa komai sai hannu uku sun haɗu a takarda ɗaya: na gari, na masu sola, da na masu raba wuta.

Na ce, "Hajiya, ai ba mu da wutar. Shekara nawa!"

Ta ce, "A takarda kuna da ita, Malam. Kuma da bakinku kuka faɗa."

Na ce to da mun ce babu fa? Ta ce da ta rubuta abin da muka faɗa, ta ɗauki hoton abin da ta tarar, turaku a karkace, waya a ƙasa. Wataƙila da an sa mu cikin garuruwan da aka yi watsi da layinsu, a nema mana hanya da wuri. Wataƙila kuma taswira ce za ta rinjaya, don layinmu yana cikinta tun tuni. "Wallahi ban sani ba," in ji ta. Ta ƙara da cewa dokar ba don mugunta aka yi ta ba. An yi ta ne don kada kamfani biyu su yi rigima a kan gari ɗaya, kuma don wanda ya zuba dukiyarsa a sola ya san ba za a zo gobe a ce ya kwashe ba. Kowace jimla da ta faɗa na gane ta, har ina gyaɗa kai. Amma da na fito bakin titi na yi ƙoƙarin haɗa su wuri ɗaya, sai suka ƙi haɗuwa.

Na tafi wajen masu raba wuta. Wani mutum mai fara'a ya duba kwamfuta ya ce lallai garinmu nasu ne, mu abokan cinikinsu ne, gyaran taransifomarmu ma yana cikin tsari. Na ce tsarin yaushe? Ya ce tsari dai. Na ce to za su sa hannu masu sola su shigo? Ya ce wannan ba a teburinsa ake yanke shi ba. Raina ya ɓaci, na ce to mu za mu koma mu tuge turakunmu, mu zama garin da waya ba ta taɓa zuwa ba, kowa ya huta. Fara'ar ta ɗauke. Ya ce in rufa wa kaina asiri kada in sake faɗin haka a wani wuri, taɓa kayan layi babban laifi ne. Na ce ai mu muka saya, da kuɗin san mahaifina a ciki. Ya ce duk abin da aka jona da layi ya zama na layi.

Daga nan aka kwatanta mini ofishin da ake kai ƙorafin wuta. Can kuma aka miƙo mini fom, aka ce in rubuta lambar mitata ko in kawo takardar biyan wuta ta kwanan nan. Na ce ina za mu samu, mu da ba mu da wutar? Matar ta ce in babu lamba, da wuya a karɓi ƙorafina a matsayin abokin ciniki. Wato a ofis ɗaya mu abokan ciniki ne har ba a iya ba mu sola, a ɗaya kuma ba mu kai abokan ciniki ba balle mu yi kuka. Wani dattijon ma'aikaci da ya ji tausayina ya ja ni gefe, ya ce ai dokar ma an taɓa ta, yanzu jihohi suna iya riƙe harkar wutarsu da kansu, don haka wasu takardun suna jiran a san teburin da za su zauna. Na tambaye shi wannan alheri ne gare mu ko akasin haka. Ya ce ya danganta. A mota ina komawa gida kaina ya kulle har na wuce inda zan sauka.

Abu ɗaya dai na riƙo daga tafiyar. Injiniyar ta ce mu rubuto takarda daga gari, mu faɗa ƙarara cewa ba mu da wuta shekara da shekaru, dattawa su sa hannu, musamman wanda aka rubuta maganarsa a farko. Da wannan za ta iya tura buƙatar haɗa hannu ukun nan. Ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Kwana biyu ina kewaye-kewaye kafin na iya tarar Baba da maganar. Na same shi a zaure bayan la'asar, na zayyana masa komai. Da na zo wurin cewa turakun ba namu ba ne, sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "To san nawa fa, Malam? Shi ma na layi ne?" Ya yi 'yar dariya wadda ba ta yi mini daɗi ba, ya ce in ɗauko takarda.

Na ɗauko, na rubuta gaisuwa, na tsaya ina jiransa. Ya ce, "Rubuta cewa wutarmu tana da rauni."

"Baba, sun ce a faɗa ƙarara."

"To rubuta cewa tana buƙatar taimako."

"Baba."

Ya juya fuskarsa wajen ƙofa. Daga inda yake zaune ana hango turke na uku, farar ƙasar ta fara zubewa. Ya daɗe yana kallo, ni kuma ina jin kamar in tashi in bar masa zauren. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Rubuta ba mu da wuta. Rubuta ba mu da ita tun haƙorana suna cike. Rubuta ni na ce muna da ita, kuma ba haka ba ne." Na ce wannan na ƙarshen ba sai an sa ba. Ya ce a sa. Ya karɓi biro ya rubuta sunansa da ajami a ƙasa. Tausayinsa ya kama ni har na kasa karanta masa abin da na rubuta.

Shi kuwa Auta bai iya zaman jiran takarda ba, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Mutanen hayi da kansu suka aiko masa, don suna da wuta ba su da mai walda. Suka ba shi rumfa kusa da tashar sola, aka ja masa waya. Da ya zo neman izini Baba ya ce ya je, ai hayi ba birni ba ne. Kullum da sassafe sai ya leƙa gona, ya hau babur ya haye, ya dawo da yamma. Aiki ya buɗe masa fiye da da. Masu garma daga Lausu da suke wucewa ta ƙofar tsohuwar rumfarsa sai su tambaye mu hanyar hayi, mu nuna musu.

Na kai takarda Kano. Bayan wani lokaci aka ce ta isa, ana dubawa. Na koma sau biyu. A zuwan farko aka ce tana wajen masu raba wuta, a na biyu aka ce sun mayar da ita a gyara wani wuri, amma wanda ya san wurin ba ya nan. Duk dawowar da zan yi Baba yana bakin zaure, ba ya tambaya, fuskata kawai yake dubawa.

Damina ta faɗi, rafi ya kawo. Nan abin ya fito fili. Babur ba ya hayewa in an yi ruwa, sai Auta ya ajiye shi ya tuɓe riga ya ratsa da ƙafa, ruwa har ƙirji. Kuma lokacin da manoma suka fi buƙatar mai walda shi ne lokacin da gona ta fi buƙatar mai ita. Yana so ya riƙe duka biyun. Ya yi huɗa da asuba, ya yi walda da rana, ya dawo ya kama noma har magariba. Ya rame, idanunsa suka faɗa, ciyawa kuma ta fi ƙarfin gyaɗa duk da haka. Na ɗauki fartanya don in taimaka, kwana biyu bayana ya riƙe, na zama abin dariyar matan gida. Wata rana da hantsi ruwa ya kusa tafiya da shi a tsakiyar rafi, wasu Fulani masu kiwo ne suka miƙa masa sanda. Shi bai faɗa ba, a bakin mutane Baba ya ji.

Washegari bayan an karya, Baba ya sa aka kira mu mu biyu. Auta ya durƙusa, ni na zauna a gefe. Baba ya ce, "Auta, ka nemi gida a hayi. Ka ɗauki iyalinka ku koma can."

Auta ya ce, "Baba, gona fa?"

"Gona ba ta nitsewa a ruwa. Babbar za a ba da aro, ƙaramar Malam ya sa a noma mana."

"Baba, takardar nan za ta iya fitowa."

"In ta fito ka dawo. Ba zan zauna ina jiran takarda a kawo mini gawarka ba." Auta ya sunkuyar da kai yana share ido da hularsa. Baba ya ce masa ya tashi, Allah ya yi masa albarka, shi bai yi laifin komai ba.

Ranar da ruwa ya ɗan janye muka ɗora kayansu a amalanke. Ni na raka su har bakin rafi, na riƙe ƙaramar 'yarsa aka haye da kaya, sannan na miƙa ta. Mutanen hayi suna jira a ɗaya gefen, kuma ranar ba wanda ya yi mana wasa a cikinsu. Baba bai fito ba.

Da na dawo na same shi a tsakar gida, a tsaye a ƙofar ɗakin da aka kwashe, yana dogare da sanda. Gidan ya yi shiru, ba kukan yara. Na zo zan wuce sai ya kira ni.

"Malam, kai da ka je ka ji da kunnenka. Da na ce wa yarinyar nan ba mu da ita, da sun ba mu?"

Na ce, "Baba, ita kanta ta ce ba ta sani ba."

Ya ce, "Ba ita na tambaya ba. Kai na tambaya."

Na dube shi. Tsohon da ya yi shekaru yana zaman baranda ba a taɓa ganin ya roƙi kowa da ido ba, ga shi yana roƙona. Na ce masa a'a, Baba, da ba su ba mu ba, taswira ce, ko me ka faɗa haka za ta kasance. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ja ƙofar ɗakin ya rufe, ya ce in nemo kwaɗo a sa mata saboda awaki. Har yau da nake rubuta wannan ban san ko gaskiya na faɗa masa ko ƙarya ba.